TAƘAITACCEN TARIHIN ALHAJI MALIK SHABAZZ NA ƘASAR AMURKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan tarihin bawan Allah ne wanda duniya ta fi sani da Malcolm X. An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1925, a garin Omaha na ƙasar Amurka, a zamanin da baƙar fata a jihohi da yawa ba shi da ikon shan ruwa a famfo ɗaya da Bature. Mahaifinsa, Earl Little, mai wa'azin Kirista ne kuma mabiyin Marcus Garvey. An ƙone gidansu a Lansing a 1929. A 1931 aka tsinci mahaifin a kan hanyar jirgin ƙasa na cikin gari, an take shi, iyalinsa kuwa sun yi imani Turawa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Daga baya aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, aka rarraba 'ya'yan gida-gida.

Yaro ne mai kaifin basira. Amma ranar da ya gaya wa malaminsa Bature yana son zama lauya, sai malamin ya nuna masa wannan ba aikin baƙar fata ba ne, gara ya koyi kafinta. Daga nan zuciyarsa ta fita daga karatu. Ya faɗa caca da ƙwaya da sata a Boston da Harlem, har aka ɗaure shi a 1946.

A kurkuku ya fara sanin halwa, ko da yake ba da zaɓinsa ba. Ya ɗauki ƙamus yana kwafe shi shafi-shafi da hannunsa, yana karatu cikin dare da ɗan hasken da ke shigowa daga baranda. 'Yan'uwansa suka kira shi zuwa ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, ya amsa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ɗauki kusan mako guda yana kokawa da ransa kafin gwiwarsa ta yarda ta durƙusa don addu'a. Duk wanda ya taɓa jihadin nafsu ya san wannan mako.

Sai dai ƙungiyar tana da aƙidar da Musulunci bai san ta ba, wato wai Bature shaiɗan ne tun asalin halittarsa. Bayan fitowarsa a 1952 ya zama harshen ƙungiyar, yana yaɗa wannan magana da fasahar da ba ta da na biyu. Adalci ne a faɗi cewa ƙungiyar ta raba shi da giya da ƙwaya, ta koya wa dubban baƙar fata mutunta kansu. Amma ta yi maganin ƙiyayya da ƙiyayya. Wata rana wata ɗaliba Baturiya ta biyo shi har Harlem tana tambayar abin da za ta iya yi don gyara, ya sallame ta da cewa babu, ta tafi tana kuka.

A watan Maris na 1964 ya rabu da ƙungiyar, a watan Afrilu ya nufi aikin Hajji da kuɗin da yayarsa Ella ta ba shi. A Jidda aka tsare shi har sai kotun alhazai ta tabbatar da Musuluncinsa. Ga mutumin da dubbai ke yin tsit idan ya buɗe baki, yau ga shi zaune a masaukin alhazai cikin harami, ba ya jin Larabci, bai ma iya zaman tahiya ba, don idon sawunsa ya ƙi lanƙwasuwa. Da magana ta ƙare masa, sai ya koma kallo da tunani. Ya ga mutane launi-launi suna kwana a shimfiɗa ɗaya, suna sa hannu a akushi ɗaya. Sannan Dakta Umar Azzam ya zo ya fitar da shi, mahaifinsa Abdurrahman Azzam ya bar masa masaukinsa na otal. Malik ya dube su da kyau: da a Amurka ne, farar fata za a kira su. Ya binciki zuciyarsa yana neman dalilin da zai sa su yi masa haka don wata riba, bai samu ba.

Wannan shi ne abin da malamanmu ke kira muhasaba, mutum ya tsaya ya tuhumi abin da ransa ya daɗe yana gaya masa. Alhazai nawa ne suka ga abin da ya gani, suka dawo yadda suka tafi? Shi kuwa tun yana can ya rubuto wasiƙa gida yana bayyana cewa ya ci, ya sha, ya yi salla tare da masu shuɗin ido da farin gashi, kuma dole ya sake duba hukuncin da ya yanke wa jinsi guda na 'yan Adam. Mutum mai mabiya ya fito fili ya warware maganar da ya shekara goma sha biyu yana yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Makka ya biyo ta Nijeriya a watan Mayu, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale da Yarbanci, wato ɗa ya dawo gida. Ya wuce Gana ya gana da Kwame Nkrumah.

Kada mai karatu ya zaci Hajji ta sanyaya shi game da zalunci. Ya ci gaba da neman haƙƙin mutanensa da zafinsa na da, har yana ƙoƙarin kai ƙarar Amurka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya sauya shi ne ma'auninsa: ya daina auna mutum da fatarsa, ya koma auna shi da aikinsa. Ya riƙa shawartar Turawa masu gaskiya su koma cikin danginsu su yaƙi wariya a can, inda cutar take. Kuma ya tuna da ɗalibar nan da ya kora, ya bayyana nadamarsa.

Bai cika shekara da dawowa ba aka jefa wa gidansa wuta, ranar 14 ga Fabrairu, 1965, yana ciki da iyalinsa. Bayan mako guda, ranar 21 ga wata, aka harbe shi yana fara jawabi a zauren Audubon da ke New York, a gaban matarsa Betty da 'ya'yansa, yana da shekara 39. An ɗaure mutum uku 'yan tsohuwar ƙungiyarsa, amma a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu.

Shehu Ahmad Hassun, malami daga ƙasar Sudan wanda ya zauna tare da shi yana karantar da shi addini, shi ya yi masa wanka ya sa shi a likkafani. Aka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Ferncliff, da sunan da ya dawo da shi daga Makka a kan kabarinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.