Kiristi Buraun, mai zane da ƙafar hagu

An haifi Kiristi Buraun ran 5 ga watan Yuni na shekarar 1932 a Dabilin, babban birnin ƙasar Ayalan. Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Ubansa magini ne, sunansa Fatirik. Uwarsa kuma sunanta Birijit. Talakawa ne, ɗan gidansu ya yi musu kaɗan. Birijit ta haifi ƴaƴa 22, amma 13 ne suka rayu.

Tun Kiristi yana ɗan wata huɗu uwarsa ta lura wuyansa ba ya tsayawa. Ya shekara, bai zauna ba, bai yi rarrafe ba. Hannuwansa kullum a dunƙule suke, suna motsi ba da sonsa ba. Ciwon nan ba shan-inna ba ne. Wani ɓangare ne na ƙwaƙwalwa ya sami rauni tun haihuwa, wato ɓangaren da ke juya gaɓoɓi. Likitoci suka duba shi, suka ce yaron ba shi da hankali, gara a kai shi gidan da ake ajiye irinsu. Birijit ta ƙi. Ta ci gaba da yi masa magana, tana nuna masa hotuna cikin littafi, ko da yake ba ya iya amsa mata.

Wata rana da maraice, lokacin sanyi, Kiristi yana da shekara 5, an jingina shi da matasan kai a ƙasa. Ƴar'uwarsa Mona tana lissafi a allo da wani alli rawaya. Ya zura wa allin ido. Sai ya miƙa ƙafarsa ta hagu, ya fizge allin da yatsunsa, ya ja wani layi a allon. Kowa ya yi tsit. Uwarsa ta durƙusa kusa da shi, ta rubuta harafin A a daɓe, ta ce ya kwaikwaya. Ya gwada, ya kasa. Ya sake gwadawa, allin ya karye, gumi ya jiƙa shi. A karo na uku harafin ya fito, a karkace, amma kowa ya gane A ne. Uwarsa ta yi hawaye, ubansa ya ɗaga shi ya saɓa a kafaɗa. Ashe hankali yana nan tun da can, hanyar fita ce bai samu ba.

A ƙasar Hausa yaro in ya miƙa hannun hagu sai a kwaɓe shi. Shi kuwa Kiristi, a duk jikinsa ƙafar hagu ce kaɗai take jin maganarsa. Da ita uwarsa ta koya masa sauran haruffa, ɗaya bayan ɗaya.

Ƴan'uwansa maza suna da wani tsohon amalanke na katako. A ciki suke tura shi duk inda za su wasa. Ranar da amalanken ya karye, sai aka riƙa barinsa gida. A nan ne, yana wajen shekara 10, ya gane shi ba kamar sauran yara yake ba. Ya daina dariya, ya ƙi fita ko da aka samo wani keken.

Abin da ya fid da shi daga wannan baƙin ciki wani ɗan akwatin fenti ne. Ɗan'uwansa aka ba kyauta lokacin Kirsimeti, Kiristi ya musanya da nasa kayan wasan. Ana kafe masa takarda a daɓe. Sai ya matse buroshi tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya tsoma a ruwa, ya shafo launi, ya shiga zane. Yakan wuni a haka cikin ɗaki. A shekarar 1944 jaridar Sunday Independent ta shirya gasar zane ta yara, Kiristi ya ci, aka buga hotonsa.

Da ya zama saurayi, wani likita mai suna Robat Kolis ya ɗauki nauyin jinyarsa. Aka kai shi Landan. Can aka ce zai sami sauƙi, amma da sharaɗi: ya daina aiki da ƙafar hagu, don sauran gaɓoɓi su koyi motsi. Sharaɗi ne mai tsanani, kamar a ce wa maƙeri ya ajiye guduma. Kiristi ya yarda. Maganarsa ta ɗan gyaru, amma hannuwan ba su taɓa riƙe buroshi ba. Daga baya ya koma ga ƙafarsa.

Littafinsa na farko ya fito a 1954, cikin Turanci. Ma'anar sunansa ita ce Ƙafata ta Hagu, kuma labarin yarintarsa ne. Ya shiga wata ƙungiya ta masu zane da baki ko da ƙafa, tana karɓar zanensa tana biyansa kowane wata. A 1970 ya fitar da wani littafi da ya buga a keken rubutu da yatsan ƙafa, aka fassara shi cikin harsuna 14. Birijit ba ta ga wannan ba, don ta rasu tun 1968.

Kiristi ya yi aure a 1972. Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba, domin shan giya ya yi masa yawa, lafiyarsa ta lalace. Ya rasu a Ingila ran 7 ga watan Satumba na 1981, yana da shekara 49. Aka mai da gawarsa Dabilin, aka binne shi can. A 1989 aka yi fim na rayuwarsa, aka sa masa sunan littafinsa na farko.