Oakes Ames, Sarkin Shebur

An haifi Oakes Ames a garin Easton, Jihar Massachusetts ta Amurka, cikin 1804. Shi da ƙanensa Oliver suka karɓi masana'antar shebur daga hannun ubansu, suka ƙudance ƙwarai. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1863, ya zuba dukiyarsa wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Union Pacific, wadda aka gama a 1869.

To, amma sai ya riƙa sayar wa 'yan majalisa hannun jarin Credit Mobilier, kamfanin da ke kwangilar aikin, da araha. Asiri ya tonu a 1872. Cikin Fabrairun 1873 majalisa ta yi tir da shi, bai kai wata uku ba ya mutu.