Rashidi Yekini: Daga Masaƙar Kaduna Zuwa Ragar Bulgeriya

'Yan'uwa ɗalibai, da wuya a samu mai shiga gidan kallo da bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani dogon ɗan wasa sanye da koriyar rigar Najeriya, ya cusa hannuwa cikin raga ya damƙe ta, baki buɗe yana ihu kamar zai yi kuka. Rashidi Yekini ke nan, ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, bayan ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a tarihin Gasar Cin Kofin Duniya. Yawancinmu ba a ma haife mu ba a lokacin. Hoton dai mun san shi, amma hanyar da ta kai shi bakin ragar nan kaɗan ne a cikinmu suka san ta. Kuma in ka bi hanyar a hankali, za ka ga ta ratsa ta kusa da gidajenmu, musamman mu da muka fito daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa Yarbawa ne daga garin Ira, wanda yau yake cikin Jihar Kwara, amma a Kaduna ya buɗe ido, a nan ya tashi da Hausa a bakinsa kamar sauran yaran unguwa. Gidansu ba gidan wadata ba ne, karatun boko bai yi nisa ba, sai aka tura shi koyon aikin hannu. Da yamma kuwa sai fili, inda yara ke buga tamaula cikin ƙura, ba koci, ba takalmin kirki.

Mu tuna fa, a wancan zamani Katsina da Kaduna jiha ɗaya ce. Sai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ke nan lokacin da Yekini ke tasowa, shi da iyayenmu 'yan jiha ɗaya ne. Alaƙar ma ta wuce haka. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce. Manoman yankin Funtua da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari har zuwa Sabuwa suna nomanta, a gurje ta a injinan Funtua da Malumfashi, a yi gaba da ita zuwa masaƙu. Kaduna kuwa ita ce cibiyar saƙa ta Arewa tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna. Daga baya wasu suka biyo, ciki har da United Nigerian Textiles, wadda kowa ya fi sani da UNTL, a yankin Kakuri.

A wancan lokaci manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati su ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo. Kamfani zai ɗauki yaro mai ƙafa, ya ba shi riga da takalmi da ɗan abin kashewa, ya sa masa koci. UNTL na da irin wannan ƙungiya, kuma a cikinta Yekini ya fara buga ƙwallo ta tsari a 1981, yana ɗan shekara goma sha bakwai zuwa sha takwas. In ka duba da kyau, gumin manomin auduga na cikin abin da ya ɗora shi a matakin farko.

Bai daɗe a UNTL ba idon manya ya kai kansa. Dogo ne, ya haura ƙafa shida, ga ƙirji, ga gudu, ga shot mai ƙarfin da gola ke tunani sau biyu kafin ya sa hannu. Shi ba mai yawan yanka da gwaninta ba ne. Aikinsa ɗaya: ya tsaya a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, da an jefo ƙwallo ya fice, ya buga. A 1982 ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Ku ƙaddara yaro ɗan shekara sha tara ya bar Kaduna ya tafi Ibadan, ya shiga cikin taurari irin su Segun Odegbami, wanda ya ci wa Najeriya Kofin Afirka a 1980. Ƙungiyar ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1983, wannan ya ba ta damar shiga gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a shekara mai zuwa.

Shekarar 1984 ta koya masa ɗacin rashin nasara har sau biyu. A watan Maris, yana ɗan shekara ashirin, yana cikin tawagar Najeriya da koci Adegboye Onigbinde ya kai Kofin Afirka a Kwaddebuwa. Sun kai wasan ƙarshe, Kamaru ta doke su da ci 3 da 1. A ƙarshen shekarar kuma Shooting Stars ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka, ta haɗu da Zamalek ta Masar. An ci su 2 da nema a Alƙahira, aka sake cin su 1 da nema a Legas, a gaban mutanensu. Kofi biyu ya gani da idonsa a shekara ɗaya, ko ɗaya bai taɓa ba.

Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajirin nan M.K.O. Abiola, wadda ta yi tashe a gasar Kofin Ƙalubale, ta ɗauke shi a 1985. A 1987 sai ya ƙetara iyaka, ya tafi Africa Sports ta birnin Abijan. A shekarun nan Kwaddebuwa ce tashar da 'yan wasan Najeriya ke yada zango kafin Turai, domin kuɗinta sun fi kauri, kuma masu farautar 'yan wasa daga Faransa da Beljiyam suna leƙawa. Stephen Keshi ma ta can ya bi kafin ya wuce Beljiyam. Yekini ya yi shekara uku a Abijan yana zura ƙwallaye, cikin mutanen da ba ya jin yarensu, Faransanci kuwa sai abin da ya tsinta a hanya.

A ɓangaren ƙasa abin bai sauya ba. A 1988, a Maroko, Najeriya ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Kamaru ta sake doke ta da ci 1 da nema. A shekarar ya je wasannin Olamfik na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, ya ci ƙwallo ɗaya a ragar Yugoslabiya, amma tawagar ta dawo gida tun daga zagayen farko. A 1990, a Aljeriya, masu masauki suka yi wa Najeriya ruwan ƙwallaye 5 da 1 a wasan buɗe gasa. Yekini ne ya ɗago tawagar: shi ya ci ƙwallo tilo a kan Masar, shi ya ci tilo a kan Kwaddebuwa, ya ƙara ɗaya a kan Zambiya a wasan kusa da na ƙarshe. Suka sake haɗuwa da Aljeriya a wasan ƙarshe, aka ci su 1 da nema. Wasan ƙarshe na Kofin Afirka uku ke nan cikin shekara shida, duk azurfa.

Sai a 1990, yana ɗan shekara ashirin da shida, ya taka Turai. Kuma ba wata Real Madrid ko Manchester ya je ba. Vitória de Setúbal ce ta ɗauke shi, ƙungiyar wani garin masunta a kudu da Lisbon, a ƙasar Fotigal. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta faɗo zuwa rukuni na biyu. Wani ne da ya tattara kayansa. Shi kam ya zauna, ya yi kaka biyu a ƙasa. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34, ƙungiyar ta koma sama. A kakar 1993/94 ya ci 21, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotigal, ya sha gaban 'yan gaban Benfica da Porto da Sporting. Cikin shekara huɗu ya ci wa Setúbal ƙwallaye wajen 90 a wasannin lig.

Daga nan ƙofofi suka buɗe a jere. A Kofin Afirka na 1992 a Senegal shi ya fi kowa cin ƙwallo, guda 4, Najeriya ta zo ta uku. A 1993 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ta ba wannan kambu. Ƙwallayensa ne suka ja tawagar koci Clemens Westerhof har ta samu gurbin Kofin Duniya karo na farko, bayan kunnen doki 1 da 1 da Aljeriya a watan Oktoban 1993. A Tunisiya, a 1994, ya ci biyu a kan Gabon, biyu a kan Zayar, ɗaya a kan Kwaddebuwa, sannan shi ya buga fanaretin da ya fitar da ƙasar da ta taɓa ba shi masauki. Ranar 10 ga Afrilu Najeriya ta doke Zambiya 2 da 1, kofin da ya kuɓuce masa sau uku ya zo hannu.

Wata biyu bayan haka sai Dallas. A minti na 21, Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya tura wa Finidi George, Finidi ya shimfiɗo ta ƙasa, Yekini ya tura ta raga ya bi ta ciki. Najeriya ta ci Bulgeriya 3 da nema, Bulgeriyar da ta ƙare a cikin huɗun ƙarshe na gasar. Shekararsa talatin a ranar. Shekara goma sha uku ke nan daga filin UNTL.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗi kamar na farko. Zamansa a Olympiacos ta Girka bai yi armashi ba, haka ma a Sporting Gijón ta Sifen. Ya koma Setúbal, ya wuce Zurich ta Suwizalan, ya buga a Tunisiya da Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports. Ya je Kofin Duniya na 1998 a Faransa, daga nan ya ajiye rigar ƙasa da ƙwallo 37, adadin da aka shafe fiye da shekara ashirin ba wanda ya kamo. Daga baya ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, har a 2005, yana ɗan shekara arba'in da ɗaya, ya sake sa takalmi a Gateway ta Abeokuta. Ya yi ƙarshen rayuwarsa a Ibadan cikin kaɗaici, ya janye daga mutane, rashin lafiya kuma ta same shi. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara arba'in da takwas, aka yi masa sutura a Ira. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

To, ina ruwan ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha da wannan tarihi? Kowannenmu yana da ƙane ko aboki a gida da ake kira da sunan wani tauraron Turai saboda iya taka leda. Da yawansu sun ɗauka cewa in mutum bai fita waje yana ɗan sha takwas ba, shi ke nan ta ƙare masa. Wannan gaggawar ce 'yan damfara masu kiran kansu ejan ke ci da ita, har a sayar da gona ko shanun noma a ba su, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba kulob, ba kuɗin komowa. Yekini ya yi shekara shida a ƙungiyoyin gida, uku a maƙwabta, biyu a rukuni na biyu, kafin duniya ta san sunansa. A kowane mataki ƙwallayen da ya ci ne suka buɗe masa na gaba.

Sai dai a faɗi gaskiya, tsanin da ya taka ya karye. Masaƙun Kaduna sun durƙushe, UNTL kanta ta rufe ƙofa a 2007, noman auduga ya ja baya, ƙungiyoyin kamfanoni sun zama labari. A yankinmu kuma ga matsalar tsaro. Wanda ya san abin da ya faru da ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020 ya san dalilin da uwa za ta hana ɗanta zuwa wasa a ƙauyen da ke gaba. Yaron Faskari ko Sabuwa da yake da ƙafa irin ta Yekini, wa zai gan shi yau, a wane fili? Katsina United da Kano Pillars suna nan, amma tsakanin filin firamare na ƙauye da filin wasa na Muhammadu Dikko akwai tazarar da sai an gina mata matakala.

Nan ne namu ya shigo. Mu ne gobe za mu zama injiniyoyi da akantoci da ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu kamfanoni. Tun yanzu ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwanmu za su iya shirya gasar hutu tsakanin unguwanni a inda tsaro ya ba da hali, a rubuta sunayen yara da shekarunsu na gaskiya, a ɗauki wasanninsu da waya, a gayyato kociyoyi daga Funtua da Katsina su gani da ido. Wanda ƙanensa ya samu tayin fita waje, ya taimaka a karanta takardar kafin a sa hannu, a kuma bincika ko mai tayin yana da lasisi. A kuma nace wa yaro ya riƙe karatu ko sana'a, domin ƙafa tana da wa'adi.

Abu na ƙarshe shi ne yadda Yekini ya ƙare. Mutumin da miliyoyi suka yi ihu da sunansa ya yi shekarunsa na ƙarshe kusan shi kaɗai. A nan cikin makaranta ma akwai waɗanda ke janye jiki a hankali, su daina zuwa aji, su daina fitowa hira, mu kuwa mu ce halinsu ne. In ka ga haka ga abokin ɗakinka, ka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ka zauna da shi, in abin ya fi ƙarfinka ka raka shi asibitin makaranta.