Babe Ruth

George Herman Ruth Jr. (6 ga Fabrairu, 1895 – 16 ga Agusta, 1948), wanda aka fi sani da Babe Ruth, ɗan wasan ƙwallon besbol ne ɗan ƙasar Amurka. Farin jininsa na daga cikin dalilan da suka sa aka gina tsohon filin wasa na Yankee a birnin New York.

Farkon rayuwa

An haifi Ruth a birnin Baltimore na jihar Maryland. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka kai shi makarantar gyaran hali ta St. Mary's, inda ya koyi besbol. A 1914 ya shiga ƙungiyar Baltimore Orioles, wadda ta sayar da shi ga Boston Red Sox a shekarar.

Sana'ar wasa

A Boston ya yi suna a matsayin mai jifan ƙwallo a filin Fenway Park, ƙungiyar kuma ta zama zakara a 1915 da 1916 da 1918. A ƙarshen 1919 aka sayar da shi ga New York Yankees kan dala 100,000. A can ya shahara wajen buga ƙwallo ta tsallake shingen fili, bugun da ke bai wa ɗan wasa damar kewaye fili ya ci maki kai tsaye. Ya yi irin wannan bugu sau 54 a 1920, sau 60 a 1927, jimilla sau 714 kafin ya yi ritaya a 1935.

Filin Yankee

Lokacin da Ruth ya zo, Yankees ba ta da filin kanta, haya take yi a Polo Grounds na ƙungiyar Giants. Da 'yan kallonta suka zarce na masu filin, zaman ya yi tsami, sai ta gina nata a unguwar Bronx. An buɗe shi ranar 18 ga Afrilu, 1923, Ruth kuma ya yi bugun farko da ya tsallake shinge a cikinsa, suka doke Boston da ci 4 da 1. Daga nan aka riƙa yi wa filin laƙabi da gidan da Ruth ya gina.

Mutuwa

Ruth ya mutu sakamakon ciwon daji a New York yana da shekara 53. An ajiye gawarsa kwana biyu a filin Yankee, dubban mutane suka je yi masa bankwana.

An rufe tsohon filin a 2008, aka buɗe sabo a tsallaken titi a 2009, inda aka mayar da dutsen tunawa da Ruth. An gama rushe tsohon a 2010. Fenway Park kuwa, wanda aka buɗe a 1912, har yanzu ana wasa a cikinsa.