Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana yarinya ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu zalla take murza yumɓu tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar har ta tashi, sa'an nan ta zana mata halittun da ta saba gani: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada da kifi.

A fadar Sarkin Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, Baturen Ingila Michael Cardew ya ga randunanta. A 1954 ta shiga makarantar tukwanensa, mace ta farko a cikinta. A can aka riƙa shafe aikinta da sinadarin ƙyalli, ana gasawa da wuta mai tsanani. Randunan suka yi suna har London, amma suka yi nauyi da tsada, suka kuma daina sanyaya ruwa. Matar ƙauye ba ta da abin yi da su.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.