Alan Turing, Masanin Lissafin Da Ya Tona Asirin Wayar Iskar Jamus

An haifi Alan Turing a birnin Landan ranar 23 ga watan Yuni, 1912. Ya yi karatun lissafi a Jami'ar Kambirij, sannan ya ƙaro ilmi a Amurka, inda ya sami digirin dakta cikin 1938.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke cikin 1939, gwamnatin Ingila ta kai shi Bletchley Park, wurin da aka tara masana don warware saƙonnin abokan gaba. A lokacin nan sojojin Jamus ta wayar iska suke aika umarni, ga shi kuwa duk mai akwatin sauraro yana iya tsintarsa. Saboda haka sukan hautsina haruffan saƙo da wata na'ura mai suna Enigma. Kowace rana akan sake mabuɗi, watau yadda ake jera faya-fayan na'urar da wayoyinta.

Masana na ƙasar Folan su suka fara gano kan Enigma tun 1932. Turing ya ɗora a kan aikinsu, ya tsara wata na'ura mai suna Bombe wadda ta fara aiki cikin 1940. Ya yi amfani da rauni biyu. Na farko, Enigma ba ta taɓa barin harafi ya fito a matsayin kansa. Na biyu, masu aika saƙo sun saba maimaita kalmomi iri ɗaya kullum, musamman a rahoton yanayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta haka aka riƙa karanta umarnin jiragen ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke nutsar da jiragen kai abinci Ingila.

Cikin 1952 kotu ta same shi da laifin luwaɗi bisa dokar wancan zamani, aka raba shi da aikin asirin gwamnati. Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1954, yana da shekara 41. Sarauniya ta yi masa afuwa cikin 2013.

Darasin aikinsa bai tsufa ba. Tsarin WEP da aka fito da shi cikin 1997 don tsare intanet marar waya, maimaita wani sashe na mabuɗi ne ya kashe shi. Masana suka fasa shi cikin 2001, aka yi watsi da shi cikin 2004.