Jay Gould: Dukiya Mai Yawa, Suna Mara Daɗi

Mai karatu, in ka taɓa raka shanu daga Tinyer zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere, inda layin dogo ya iso a 1974, ka san cewa wanda yake riƙe da hanya shi ke riƙe da abincin mutane da yawa. Ga labarin wani wanda ya riƙe hanyoyi da yawa a Amurka.

An haifi Jay Gould a 1836 a Roxbury, cikin jihar New York. Ɗan manomi ne. Ya yi aikin auna ƙasa, ya yi sana'ar jima, daga nan ya shiga sayen hannun jari na kamfanonin jirgin ƙasa. Yana da kaifin kai da ƙwazo, amma tausayi ya yi masa ƙaranci.

A 1868 shi da abokansa suka yi takara da Cornelius Vanderbilt a kan kamfanin jirgin ƙasa na Erie. Suka buga takardun hannun jari na algus, suka kuma ba 'yan majalisar jihar toshiyar baki don doka ta amince da su. A 1869 shi da Jim Fisk suka yi ta sayen zinariya don farashinta ya hau. Ran 24 ga Satumba gwamnati ta fito da tata zinariyar kasuwa, farashi ya faɗi, mutane da yawa suka tsiyace. Gould kuwa ya riga ya sayar da tasa a ɓoye.

Daga baya ya mallaki kamfanonin Union Pacific da Missouri Pacific, da kamfanin wayar tangarahu na Western Union. Gaskiya ne ya ƙara shimfiɗa layin dogo a yammacin ƙasar. Amma a 1886, da ma'aikatansa suka shiga yajin aiki, sai ya murƙushe su.

Tarin fuka ya kashe shi a 1892, yana da shekara 56. Ya bar wa iyalinsa dukiya ta wajen dala miliyan 72. Ɗansa George ya rasa yawancin layukan, 'ya'yan kuma suka yi shekaru suna shari'a a kan gādon. 'Yarsa Helen ce aka fi tunawa da ita da alheri, domin ta yi ta kyauta ga ayyukan taimakon jama'a.

Ɗan'uwa, kada ka ce wannan zancen attajirai ne kawai. Mai ɓoye masara har yunwa ta tsananta, da mai rage mudu, da mai hana makiyayinsa hakkinsa, duk hanyar Gould suke bi, sai dai kasuwarsu ƙarama ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, a New York ko a Garwa.

Yau ka dubi ribarka. Akwai hawayen wani a cikinta? In akwai, ka je ka gyara tun kana da rai, gama magāda suna raba dukiya, amma sunan da ka bari naka ne kai kaɗai.

Allah ya ba mu zuciya mai gaskiya a cikin cinikinmu. Amin.